Kirsimati Rana Ɗaya Ce, Rumbu Kuwa na Shekara Ne

'Yan'uwa manoma, ga hunturu ya kama, an yanke dawa, an shiga shirin Kirsimati. Mata suna zancen anko, yara suna tambayar sabon takalmi, teloli suna kwana a kan keke. Duk wannan abin murna ne, gama haihuwar Mai Cetonmu ta isa a yi mata biki. Amma akwai magana guda da muke so mu yi da ku tun kuɗi ba su bar aljihu ba, watau maganar kyautar Kirsimati da inda kuɗinta yake fitowa.

Manomi ba shi da albashi. Kuɗin atamfa da shinkafa da kyautar surukai daga rumbu yake fitowa. Ga shi kuwa Kirsimati tana zuwa daidai lokacin da hatsi ya fi araha, domin kowa ya girbe, kowa yana neman kuɗi, kowa ya kai kasuwa rana ɗaya. 'Yan kasuwa sun san haka. Sukan saya su kimshe, su jira. A yawancin shekaru, in Yuli da Agusta suka zo, rumbuna suka yi ƙasa, sai farashi ya hau. A nan ne za ka ga mutum ya koma sayen dawar da shi da kansa ya noma, awo-awo, da tsada, a lokacin da yake bukatar ƙarfin noma.

Mu Fara da Ƙirga Rumbu

Shawararmu ta fari ita ce, maigida da uwargida su zauna tare su yi lissafi kafin a buɗe rumbu. Uwargida ce ta san awon da tukunya take ci, saboda haka kada a bar ta a baya.

Ga misali. Buhun dawa mai kilo 100 yakan ɗauki tiya wajen 40. In gida yana cin tiya ɗaya a rana, buhu zai kai kwana 40. Daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Satumba, sa'ad da sabuwar masara da gero suka samu sosai, kwana 273 ne. Ke nan gidan yana bukatar buhu bakwai na ci kawai, ban da na baƙi da na masu gayya. Wannan buhu bakwai ba na sayarwa ba ne, ko da wa ya zo da kuɗi.

Bayan abinci sai a ware iri. A fid da zakka da baikon godiya. A tuna yara za su koma makaranta a watan Janairu, ga kuɗin makaranta da littattafai. A tuna da takin zamani kafin ruwa ya sauka, a kuma bar wani abu domin ciwo, gama zazzaɓi ba ya sallama. Abin da ya rage bayan waɗannan duka, shi ne na Kirsimati. In buhu ɗaya ne, to, bikin buhu ɗaya za a yi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kada Mu Yi Gasa

Abin da yake karya gidaje da yawa shi ne kallon maƙwabci, musamman ɗan'uwan da ya zo hutu daga birni da kaya niƙi-niƙi. Dattawanmu suna tuna ƙarin albashin Udoji na 1974, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Ma'aikata sun sami kuɗi a dunƙule, aka yi ta sayen rediyo da babura, kaya suka yi tsada, manomin da ba a ƙara masa kome ba shi ma ya biya wannan tsada. Haka kuma bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, duk abin da ake kawowa ƙauye daga birni ya bi shi. Kayan kanti suna hawa a kan lokacinsu, ba ruwansu da yadda damina ta yi. Wanda ya sa buhunsa tsere da su, shi zai gaji.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma bashin taki daban, bashin anko daban. Taki yakan biya kansa da kaka. Anko kuwa ana wanke shi sau biyu ya zama tsohon zane, bashin yana nan. Mafi muni shi ne karɓar kuɗi yau a kan za a biya da hatsi baɗi, gama wannan cin gonar da ba a shuka ba ne. Muna roƙon shugabannin zumuntar mata da na matasa su duba wannan. In anko zai sa wata gwauruwa ta ji kunyar zuwa sujada, gara a maimaita na bara.

Kyautar da Take Hannunmu

Ba cewa muke a daina kyauta ba. Kirsimati ba kyauta ba ta yi daɗi ba. Amma mu duba cikin gida tukuna kafin mu duba kanti. Kaza ko zabo, kwanon gyaɗa, kwalbar man gyaɗa, ƙuliƙuli, doya, zuma, tabarma, duka kyauta ce mai daraja, mutanen birni ma da kuɗi suke nemanta. Dashen mangwaro ko na lemo da aka ba yaro, aka koya masa ban ruwa, zai yi ta ba shi 'ya'ya bayan takalmin bana ya daɗe da tsinkewa. Matasa kuma suna iya kai wa tsohuwa itace, ko su gyara mata jinka. Wannan ma kyauta ce.

Wajen nama, watanda ta fi sauƙi: gidaje su haɗa kuɗi su sayi dabba ɗaya, a raba kashi-kashi. A rubuta sunayen waɗanda za a kai wa abinci tun da wuri, a fara da marayu da gwauraye da marasa lafiya, kada kuma a manta da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda suke aiko mana da nasu ran Salla. Yara masu yawon barka da Kirsimati, cincin da ɗan alewa ya ishe su murna.

Mu tuna da gidan da aka haifi Ubangijinmu. Bisharar Luka sura 2 ta nuna mana a komin dabbobi aka kwantar da shi. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali a Urushalima, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Ba su ci bashin rago domin idon jama'a ba, Allah kuwa ya karɓa.

Shirin Baɗi

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda yake so ya yi Kirsimatin baɗi da kwanciyar rai, tun Janairu zai fara. A shiga adashi da mutane masu amana. A ware 'yar akuya ko 'yan kaji da sunan biki, a kuma yi wa kajin rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba takan share su. A sayi yadi a kai wa tela tun kafin Disamba. Wake kuwa a busar da shi sarai a zuba cikin buhun PICS mai ruɓi uku, a ɗaure tam yadda iska ba za ta shiga ba. Haka zai zauna ba ƙwari, ba magani, har lokacin da kasuwa ta gyaru.

Muna roƙon fastoci da dattawa su kawo wannan magana a taron mata da na maza kafin mako na biki. Allah ya kai mu Kirsimati lafiya, ya sa albarka a rumbunanmu har sabuwar kaka. Amin.