Kyandir Zai Iya Kai Maraya Makaranta

Uwargida, idan ƙungiyarku ta tallafa wa marayu tana cikin waɗanda suka taɓa yin kyandir suka bari, ki leƙa ɗakin ajiya ki duba ko mazuban suna nan. Kuɗin makaranta da na asibiti ba sa jiran watan azumi, lokacin da masu hali suka fi buɗe hannu.

Kada mu ruɗi kanmu, kasuwar ta sauya. Fitilun caji da na sola sun ture farin kyandir a gidaje da yawa. Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 kuma aka gina ta har da sashen yin kaki, ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata, don haka kakin sai a nemo shi da tsada. Shi ya sa nake ganin mai ƙamshi ya fi, wanda amare ke so a ɗaki, ko na kakin zuma. Masu amya sukan matse zuma su zubar da sakar, alhali a cikinta kakin yake.

A narka kaki cikin kwanon da aka ɗora a kan ruwan zafi, kada wuta ta taɓa shi kai tsaye, don yana kamawa. Lagwani ya zama na auduga, ya tsaya tsakiya cak. Yara kuma, aji ne wurinsu. Kada a sa su talla da sunan ana nema musu.

Ma'aji ta ware jari daban, ta karanto lissafi gaban kowa duk ƙarshen wata, kafin a biya kuɗin zango.