AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Idan Mutum Ya Yi Ƙaura, Wa Ke Riƙe Masa Gona?

A wannan mako mun ɗauko wasiƙar wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga wajen Funtuwa. Ga abin da ya ce:

TAMBAYA: Malam, nakan ga Turawa a fim ɗin kaboyi sun ɗora kayansu a keken shanu sun nufi yamma. Shin idan sun tafi, wa ke riƙe masu gonakin da suka baro? Ta yaya suke jin labarin iyayensu? Na yi tambayar ne don ni ma shekara tara ke nan da barin ƙauyenmu. Gonar gadonmu tana hannun ƙanena, daga cikinta tsohuwarmu ke ci, yanzu kuma ya aiko wai a sayar.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da ka gani a fim ya faru da gaske a ƙasar Amurka. A 1843 mutum wajen 1,000 suka tashi daga jihar Misuri zuwa Oregon, tafiyar kusan mil 2,000, wadda kan ci wata huɗu zuwa shida. Da aka tsinci zinariya a Kalifoniya a 1848 sai ƙaurar ta zama kamar ambaliya. A 1862 kuma gwamnati ta yi dokar ba wa magidanci fili eka 160, da sharaɗin ya zauna a kai ya noma shi shekara biyar. Idan ya bar wurin fiye da wata shida, ya rasa shi. Ka ga ke nan wanda ya karɓi irin wannan fili ba ya da halin komawa gida ya daɗe. Kada kuma mu manta, ƙasar da ake rabon nan tana da masu ita, watau jajayen Indiyawa 'yan asalin wurin, waɗanda aka yi ta kora da ƙarfin bindiga.

Mai shirin tafiya hanya uku ke gabansa. Ta farko ya sayar da gonar. Sai dai tsabar kuɗi ta yi wuya a lokacin, saboda haka sau da yawa bashi ake sayarwa, mai saye ya rubuta takardar alkawari, a bar ta hannun wani ɗan'uwa ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan. Ta biyu ya ba da ita haya ko ya bar wa dangi su noma. Ta uku ya rubuta wa wani amintacce ko lauya takardar wakilci, wadda ke ba shi ikon karɓar kuɗin haya, da biyan haraji, har da sayarwa in an rubuta haka.

Harajin nan shi ne ramin da mutane da yawa suka faɗa. Kowace shekara hukumar gunduma tana karɓar haraji a kan fili. Idan aka daina biya, sai ta buga shi gwanjo. Mutum yana can yamma yana cewa yana da gona a gida, ashe tuni ta zama ta wani.

Akwai kuma maganar mata. A yawancin jihohi, idan miji ya mutu matarsa tana da haƙƙin cin amfanin kashi ɗaya cikin uku na filinsa har ta mutu. Don haka mai saye ba ya sakin jiki sai ita ma ta sa hannu ta yafe wannan haƙƙi.

Zancen jin labarin gida kuwa, sai ta wasiƙa, ita ma da tsada. Kafin 1845 wasiƙa mai falle ɗaya da za ta wuce mil 400 senti 25 ce, kuma galibi wanda aka aika wa shi ke biya a gidan waya. Shi ya sa mutum kan cika takarda, ya juya ta a gicciye ya sake rubutu a kan na farko. Lokacin neman zinariya, wasiƙar Kalifoniya senti 40 ce, tana bi ta jirgin ruwa ta Panama, ta yi wajen wata guda a hanya. A 1860 aka kafa masu kai wasiƙa a kan doki, suna yin kwana goma daga Misuri zuwa Kalifoniya, amma dala 5 suke karɓa da farko. Wayar tangaraho ta haɗa gabas da yamma a 1861, gidan waya ya fara aika kuɗi ta oda a 1864, jirgin ƙasa kuma ya ratsa ƙasar a 1869. Kafin nan, sau da yawa an daɗe da binne uwa kafin ɗanta ya ji.

Yanzu bari in ba ka labarin gida guda, wanda ya fi kama da naka. Gidan su Abraham Linkon ne, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Mahaifinsa Tomas Linkon ya yi gonaki uku a jihar Kentaki, kuma kowace sai da rikicin takardu ko na iyaka ya taso a kanta. Dalili kuwa, a Kentaki da itatuwa da duwatsu da rafuka ake nuna iyaka, sai ka ga mutum biyu ko uku kowa da takardarsa a kan fili ɗaya. A 1816 ya gaji, ya kwashi iyalinsa zuwa Indiyana, inda safiyon gwamnati ke auna ƙasa murabba'i-murabba'i kafin a sayar. Matarsa ta rasu a 1818. Shekara ta zagayo ya koma Kentaki ya auro wata bazawara mai suna Sara, ta zo da 'ya'yanta uku. Ita ta ƙarasa renon Abraham, ta riƙe shi tamkar ɗan cikinta. A 1830 suka ƙara gaba zuwa jihar Ilinoi.

Abraham ya girma ya zama lauya a garin Springfield, nesa da ƙauyen da iyayen suke. A 1841, da ya ga tsohon ya shiga matsin kuɗi, sai ya sayi eka 40 daga cikin gonarsa a kan dala 200. Amma ga hikimar: ya sa an rubuta a takardar cewa uban da Sara za su ci gaba da cin amfanin filin muddin ransu. Watau tsohon ya sami kuɗi a hannu, kuma babu mai iya sayar da wannan yanki a bayan idon Abraham.

A watan Janairun 1851 Tomas ya rasu. Kafin shekarar ta ƙare, sai ɗan Sara, Jon Jonston, agolan gidan, wanda ke zaune a gonar, ya ce shi ma zai sayar ya tafi Misuri. Dabararsa ita ce a sayar da eka 40 ɗin nan dala 300, ya ɗauki 100 ya yi guzuri, a ajiye wa tsohuwa 200 tana karɓar abin da suke jawowa. Abraham ya yi lissafi ya rubuta masa amsa. Ya nuna masa cewa ta wannan hanya dala 16 kacal za ta riƙa samu a shekara, alhali kuwa filin zai iya kawo mata aƙalla dala 30. Ya ce shi bai yarda a yi mata haka ba, filin yana nan a wurinta har ƙarshen ranta. Ya kuma gaya masa gaskiya, cewa wanda ba ya son aiki a nan, ko ina ya je ba zai ga daidai ba. Jonston ya yi ƙaurarsa, bai daɗe ba ya dawo, ya mutu a 1854. Fili kuwa yana nan. A ƙarshen Janairun 1861, kafin Abraham ya tafi karɓar mulki, sai da ya je ƙauyen ya yi wa tsohuwar sallama. An kashe shi a 1865, ita kuma ta rayu har 1869.

To Malam, ka ji yadda suka yi. Da Abraham ya tsaya ga cewa ai ɗan'uwa ne, ba sai an yi rubutu ba, da tsohuwar ta wayi gari ba ta da madogara. Abin da ya cece ta shi ne takardar da aka rubuta shekara goma kafin rigimar, da kuma ɗa mai bin diddigin abin da ke faruwa a gida.

Mu ba alƙalai ba ne, kuma dokar Amurka daban take da tamu. Amma shawararmu ita ce kada ka ba da amsa ta bakin ɗan aike. Zumunta a ƙafa take. Ka je da kanka, ku zauna da ƙanen naka, ka ji abin da ya matsa masa, wataƙila bashi ne da za a iya biya ba tare da an taɓa gona ba. Ku yi lissafin abin da gonar ke ba tsohuwa a shekara, ku gwada da abin da kuɗin sayarwa zai yi mata. Idan ba a raba gadon ba, ku nemi malami ko alƙali a fitar wa kowa rabonsa, har da nata. Duk abin da kuka shirya, a rubuta shi gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, kowa ya riƙe kofi.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.