Hattara da Kututturen da Ke Ƙarƙashin Ruwan Yeji

Duk ɗan Zongon Kumasi da ke fataucin busasshen kifi ko doya ya san hanyar: Mampong, Ejura, Atebubu, sai Yeji, inda kwalta ta ƙare a bakin tafkin Volta. Wanda ya nufi Salaga kuwa sai ya tsallaka zuwa Makango. Idan pantu, wato babban jirgin fito, ya yi jinkiri, da yawanmu kan faɗa jirgin katako mai inji a baya, ba tare da mun san abin da ke ƙarƙashinmu ba.

A da, wurin nan daji ne. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya shafe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000. Itatuwan kuwa ba a sare su ba, har yau suna tsaye a cikin ruwa. Wanda ya leƙo waje da sauƙi, ana ganinsa a kauce. Mugun shi ne wanda ruwa ya rufe kansa da taƙi ɗaya. Kuma da yake tafkin na janyewa da rani, ya cika bayan damina, hanyar da aka bi lafiya a Nuwamba tana iya zama tarko a Mayu.

Jiragen katakon nan kuwa ba su da wani abin juyawa daban. Ƙafar injin da farfelarsa su ne ke turawa, su ne kuma sitiyari, kuma su suka fi komai nutsewa. Da zarar ƙafar ta daki kututture ko ta kafe a yashi, sai farfela ta lanƙwashe ko ta karye. Daga nan matuƙi ba shi da iko, iska ta juya jirgin ya ba igiyar ruwa gefe, ruwa ya fara shiga. Idan da gudu aka yi karon, katakon gindin ma yana iya tsagewa.

Gogaggen matuƙi ana gane shi tun daga bakin gaɓa. Ba ya tayar da inji a ruwa marar zurfi. Yakan ɗaga ƙafar sama, yaransa su tura da gora, sai an shiga zurfi ya sauke ta. Yana ajiye yaro a goshin jirgi, idonsa a kan ruwa, yana nuna dama ko hagu da hannu. In ya shiga cikin itatuwa sai ka ji ƙarar inji ta kwanta. Injin a ɗaure yake da igiya, akwai farfelar canji, da filafili, da abin kwarfar ruwa.

Sauran aikin namu ne, mu fasinja. Kowane buhu da aka ƙara yana ƙara nutsar da jirgi, sai kututturen da za a wuce ta kansa ya kamo shi. Duba layin lodi a jikin jirgin, in ruwa ya haɗiye shi, sauka, ko da ka biya. Nemi rigar kariya ka ɗaure ta tun a gaɓa. Kada ka yarda da tafiyar dare ko ta lokacin da hadari ya haɗo. In an yi karo, kowa ya zauna inda yake, don rugawa gefe guda ita ke kifar da jirgi.

Sannan mu daina cewa, "Direba, taka mana, kasuwa za ta watse!" Sauri kan haifi nawa. Mutumin da ya rage gudu ya san akwai itace a wurin, kai kuwa ruwa kawai kake gani. Kifin da ka rasa yau za ka same shi kasuwa mai zuwa, in dai ka koma Zongo da ƙafarka.