Addi Ba: Bafulatanin Futa Jalon da wani ƙauyen Faransa ya ƙi mantawa da shi

A ranar 18 ga Disamban 1943 ne sojojin Jamus suka fito da wasu fursunoni biyu daga kurkukun garin Épinal da ke gabashin Faransa, suka harbe su. Ɗaya Bafaranshe ne, Marcel Arburger. Ɗayan kuwa Bafulatani ne Musulmi daga ƙauyen Pelli-Foulayabé a tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini, sunansa Mamadou Addi Ba.

Ba yaƙi ne ya fara kai shi Turai ba. Ya bi wani ma'aikacin mulkin mallaka zuwa garin Langeais, inda ya yi aikin gida. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ya shiga runduna ta 12 ta sojojin da ake kira 'yan bindigar Senegal. Sunan yana da ruɗi, domin daga duk faɗin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa ake ɗebo su, har da ƙasar Nijar.

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi, aka kama shi, aka tsare shi a Neufchâteau. Lokaci ne da baƙin soja ba shi da tabbacin ko da rayuwar fursuna za a bar masa: a Chasselay, kusa da Lyon, a cikin wannan watan Jamusawa suka ware 'yan Afirka daga farare suka karkashe su. Addi Ba ya tsere ya faɗa dazuzzukan yankin Vosges.

A nan labarinsa ya haɗu da na Tollaincourt, ɗan ƙaramin ƙauyen manoma. Mutanen ƙauyen suka ba shi masauki da abinci, alhali sun san hukuncin wanda aka kama yana ɓoye sojan da ya gudu. Baƙar fata a irin wannan wuri ba ya ɓuya. Kowa ya san da shi, kuma aka rufa masa asiri. Shi ma bai zauna cin arziki ba. A 1943 shi da Arburger suka kafa sansanin 'yan gwagwarmaya a daji, mafakar samarin da suka ƙi a tasa ƙeyarsu zuwa aikin tilas a Jamus. Jamusawa suka laƙaba masa suna "baƙin ɗan ta'adda".

Da ya sake faɗawa hannunsu, an gana masa azaba don ya faɗi sunayen abokansa da na waɗanda suka ciyar da shi. Bai faɗa ba. Da ya buɗe baki, da gidaje da dama a yankin sun yi makoki.

Abin da ya biyo baya bai yi wa hukumar Faransa kyau ba. Sai a 2003, shekara sittin da kashe shi, aka ba shi lambar girmamawa ta 'yan gwagwarmaya, bayan naci irin na Kanar Maurice Rives, tsohon hafsan da ya ɗauki maganar sojojin Afirka a ka. Danginsa ne daga Gini suka karɓa. Kafin nan, tsofaffin ƙauyukan Vosges na riƙe da labarin, suna ba 'ya'ya da jikoki.

Daga baya marubucin Gini Tierno Monénembo ya gina littafi a kan rayuwarsa a 2012, aka kuma yi fim a 2017. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta Colmar, nesa da Futa Jalon. A Tollaincourt kuwa, akwai titin da ke ɗauke da sunansa.