Tsatsa a Tankin Mai: Daga Ina Take Zuwa, Yaya Ake Sauke Tanki a Wanke?

Akwai wata cuta da tsofaffin motoci ke yi wadda ke wahalar da direba da bakanike baki ɗaya. Mota ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar kilomita goma, sai ta fara shessheƙa, ta ja ta tsaya. A bar ta minti goma ta sake tashi kamar ba ita ba. A canza fulogi, a wanke kafireto, a sa sabuwar filta, kwana uku ta koma gidan jiya. Sau da yawa laifin ba na inji ba ne, yana can baya, cikin tankin mai. Garin tsatsa ne famfo ke zuƙowa ya toshe bakin bututu; idan an kashe mota sai ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa take sake tashi.

Ga wanda ke zaune cikin birnin Katsina wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mu da gidajenmu ke Dabawa da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi kuwa, maganar ta wuce nan. Kowa ya san halin tsaron yankin. Mota ta mutu maka a daji ana kiran magariba, da kayan gona da mata da yara a ciki, ba abin da za a yi wa dariya ba ne.

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Fetur shi kaɗai ba ya cin ƙarfe. To ruwan daga ina? Duk wurin da mai bai cika ba a tanki, iska ce a ciki, kuma da damina, musamman Yuli da Agusta, iskar nan cike take da laima. Da rana tanki ya yi zafi, da dare ya huce, laimar ta zama raɓa a jikin bangon ciki, ta gangara. Litar fetur nauyinta bai wuce kashi uku cikin huɗu na litar ruwa ba, don haka ruwan ke nutsewa ya kwanta a gindi, inda zai yi watanni yana cin ƙarfe ba wanda ya gan shi. Ƙara da murfin tanki da robarsa ta mutu, da man bumburutu da ya kwana a jarkar da ba a san me ta ɗauka jiya ba.

A nan ne nake ganin matsalar ta ƙaru a 'yan shekarun nan. A 2021 gwamnatin jihar Katsina, saboda 'yan bindiga, ta ƙayyade yawan man da za a sayar wa mota a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Wa ke cika tanki yanzu? Lita uku, lita biyar, allura kullum tana kan ja. Tankin da ya yini fanko ya kwana fanko shi ne ya fi tara raɓa. Motar da aka jingine a ƙofar gida don an kasa ciyar da ita ta ma fi shiga uku.

Ba kowace mota abin ya shafa ba. Golf 3 da ake jigila da ita tankinta na roba ne, ba ya tsatsa, sai dai datti. Masu tankin ƙarfe su ne irin Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, da 505, da tsofaffin a-kori-kura na Toyota da har yanzu ke kwaso dawa da gero daga gona.

Kafin a taɓa sifana, a tsaya a fahimci abu ɗaya, don shi ne ke kashe mutane. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Ruwan fetur ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya cakuɗa da iska, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A fanko kuwa ma'aunin na iya faɗawa daidai. 'Yan ajinmu su ɗauki biro su lissafa: a tanki mai lita 50, cokalin shayi ɗaya na fetur ya isa ya kai wannan ma'auni. Kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana taruwa a ramin gareji. Saboda haka a yi aikin a fili, nesa da murhu, janareta, mai shayi da mai sigari. Bokitin yashi a kusa.

A fara da cire kan batir, na baƙar waya tukuna. Idan motar mai famfon lantarki ce, kafin nan a zare fis ɗin famfon a bar inji ya ci gaba har ya mutu da kansa, don matsin da ke cikin bututu ya sauka. Sai a juye man. Wasu tankunan na da noti a gindi. In babu, a sa ƙaramin famfon hannu. Zuƙa da baki da muka saba gani a tasha, don Allah a bari: fetur idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, asibiti ne. Kada kuma a ce ai ɗan kaɗan ne ya rage. Lita 40 kusan kilo 30 ne, kuma yana kai-kawo a ciki lokacin da kake ƙoƙarin riƙe tankin a kan ƙirjinka.

A ɗaga mota a tokare ta da ƙarfen tokara ko katako mai kauri, a sa dutse a tayoyi. Jak kaɗai ba amana gare shi ba, bulon siminti kuma yakan dare ba sallama. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai: babban tiyo na zuba mai, bututun da ke kai mai inji, na dawowa in akwai, na shan iska, da wayar gejin mai. Notunan da ke riƙe da tanki su ne ke cin lokaci, don sun sha taɓo shekara da shekaru. A jiƙa su da WD-40 ko baƙin mai da gas tun daren jiya. Wanda ya ƙi, a ƙara masa haƙuri. Kada a kawo masa wuta, kada a kawo injin yanka ƙarfe.

Da tanki ya sauka, a cire gejin a hankali, da katako za a buga zoben ba da kurfi ba, saboda tartsatsi. A adana shi gefe. Wankin farko na ruwan zafi ne da omo, sau biyu ko uku, don a fitar da ragowar mai da daskararren danƙo. Daga nan a zuba notuna, a ƙirga su, ko gajeriyar sarƙa, a toshe ramuka, mutum biyu su yi ta jijjigawa suna juyawa kowane gefe. Na ce a ƙirga domin cikin tanki akwai shingayen ƙarfe da ke hana mai tambal-tambal, kuma abu na maƙalewa a bayansu. Shi ya sa ban yarda da tsakuwa ba, ko da yake ita aka fi amfani da ita a garejojinmu: tana farfashewa, kuma ba wanda ya san nawa ya zuba balle ya san nawa suka fito.

Abin da jijjiga ta bari, asid ne zai cinye shi. Mafi sauƙin samu shi ne ruwan khal, wato binega, wanda asid ɗinsa kusan kashi 5 cikin 100 ne. A zuba, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, ana juya tankin don kowane bango ya samu. Garin asid na lemun tsami da ake sayarwa a shagunan kayan haɗa lemo ma yana yi, a ruwan ɗumi. Wanda ya fi su duka shi ne asid na fosforik, don bayan cin tsatsa yana barin wani baƙin lulluɓi a jikin ƙarfe da ke jinkirta dawowarta. Ruwan batir kuwa, da wasu ke ba da shawara, a guje shi. Ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, kuma in ya fantsama a ido, shi ke nan. Safar hannu da tabarau wajibi ne ko da binega ce.

Bayan an zubar, a ɗauraye sosai, sannan a kashe ragowar asid ɗin. Ba sai an nemi wani sinadari daga Kano ba, kanwar kicin ta isa: a jiƙa, a tace, a zuba ruwan a jijjiga, a sake ɗaurayewa. Ruwan wankin nan kada a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Matakin da aka fi yin sakaci da shi shi ne busarwa. Ƙarfen da aka wanke da asid tsirara yake, cikin 'yan sa'o'i zai sake yin ja. Don haka a fara aikin ƙarshe da safe, a kife tankin a rana a buɗe duk ramuka, ana juya shi. Ba a gasa shi a kan garwashi. Da ya bushe, a zuba gas kamar rabin lita a zagaya da shi ya shafi ko'ina, a tsiyaye.

Yanzu ne gaskiya ke fitowa, domin wani lokaci tsatsar ce ke toshe ƙananan huji. A toshe ramuka, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a waje, a duba kumfa. Huji ɗaya ko biyu, gam mai haɗi biyu da ke jure fetur zai riƙe. Sabulun wanki da direbobi ke liƙawa dabarar isa gida ce kawai. Walda kuwa sai gwani wanda zai cika tankin da ruwa kafin ya kunna wuta, don fetur na ɓuya a haɗin ƙarfe ko bayan an wanke. Idan gindin ya zama kamar rariya, ko yana lotsawa in ka danna da yatsa, kuɗin gam asara ne. A nemi wani a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a haska cikinsa da tocila kafin a biya.

Wajen mayarwa, a hure bututun ƙarfe da iska, a canza tiyon roba da ya tsattsage, a sa sabuwar robar geji da sabuwar filta, irin mai haske da ake ganin cikinta. A zuba lita biyar a leƙa ƙasa kafin a haɗa batir. Filtar farko za ta kama ragowar garin da ke cikin layi, don haka a saya biyu, a ajiye ɗaya a mota tare da sukundireba, a canza bayan mako biyu.