Alhakin Cizon Kare a Kudancin Kano

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kare abokin sana'a ne, domin mafarauta suna fita daji da rani tare da karnukansu, makiyayan da ke gefen dajin Falgore suna ajiye shi don tsaron garke, manomi kuma yakan ɗaure shi kusa da rumbu. Saboda haka idan kare ya yagi ƙaurin yaro a hanyar makarantar allo, rigimar takan faɗa tsakanin maƙwabtan da za su tsaya sahu ɗaya a masallaci da asuba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano ke hukunci da shi, kuma aka faɗaɗa huruminsa zuwa laifuffuka a shekarar 2000, ya fara ne da asalin cewa ɓarnar da dabba ta yi da kanta ba ta da ramuwa, sai idan an sami sakaci daga mai ita. Malaman mazhabar, ciki har da Shehu Halilu a Muhtasar, sun yi maganar kare mai cizo, inda suka rataya lamuni, wato wajabcin biyan abin da aka lalata, a kan abubuwa biyu: dalilin ajiye karen, da kuma gargaɗin da ya gabata. Wanda ya ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona, ba a lamuntar da shi sai ya san halin karen ko an taɓa yi masa kashedi a gaban hukuma ko shaidu ya yi biris. Wanda ya ajiye shi ba bisa dalilin da shari'a ta yarda da shi ba, uzurinsa ƙalilan ne. Idan kuwa da gangan ya tanade shi don halaka wani mutum takamaimai, kuma ya halaka shi, magana ta bar diyya ta koma ƙisasi.

Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ta biyo wata hanya ta iso wuri ɗaya, domin ita ma tana ɗaukar kare a matsayin dabbar gida, sai mai ƙara ya tabbatar da cewa ubangijinsa ya san yana kai wa mutane hari. A shari'ar Daryani da Njoku ta shekarar 1965 a Legas, an nuna cewa karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan kuma an shaida wa matar mai gida, sai kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin mijin, ta ɗora masa biyan diyya.

A nan ne al'adar karkara take cutar da kanta. Cizon farko yakan ƙare da «ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba», a wuce wurin saboda kara, ba tare da mai unguwa ko dagaci ya ji ba, alhali wannan sanarwar ita ce hujjar da wanda za a ciza a gaba zai tsaya a kanta. Yafiya abin yabo ce, amma ba ta hana a kafa shaida.

Haka kuma gaggawar kashe karen a jefar da shi tana ɓatar da hujja ta biyu, tun da likitocin dabbobi kan so a killace shi kwana 10 a ga ko alamun hauka za su bayyana, in kuma ya mutu a aika kansa gwaji, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun fito da wuya a rayu.

Wanda kare ya ciza ya wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi, ya adana katin asibiti da rasidin magani, sannan ya kai maganar gaban mai unguwa da shaidu biyu ko da ya yi niyyar yafewa.