Ko Kun Sani? Tarwada Ba Ta Ƙyale Ko 'Yan Uwanta

Tarwadar da ake shan farfesunta a unguwannin Nima da Maamobi mafarauciya ce ta gaske. Wasu masu kiwon kifi kan zuba ta a kududdufin karfasa da gangan, domin karfasa na hayayyafa fiye da kima. Tarwada ta cinye 'ya'yan karfasar, manya su samu sararin girma.

A tankin ƙyanƙyasa kuwa, tarwadar da ta riga 'yan uwanta girma haɗiye ƙanana take yi, shi ya sa ake ware su bisa girmansu.

Masu ajiye irin wannan kifi mafarauci a akwatin gilashi don ado su yi hattara da ba shi ɗan kifin nan mai ruwan zinariya da ransa. Jikin ɗan kifin na ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, kuma yakan shigo da cuta.